Kuɗin gida daban, kuɗin kai daban

Darasinmu na yau a kan lissafin kuɗi yake.

Kuɗi iri biyu ne suke ratsa hannun magidanci ko uwargida. Akwai kuɗin gida: na hatsi, cefane, ruwa, magani da makarantar yara. Akwai kuma kuɗin kai: jarin sana'a da abin da mutum yake tarawa don buƙatarsa. Idan suka haɗu a aljihu ɗaya, jari ne yake narkewa, mai shi bai sani ba.

Da takarda da alƙalami muke lissafi. Yanzu wayar hannu ma tana yi. Akwai manhajojin lissafin kuɗi da ake sakawa a waya, akwai kuma Excel a kwamfuta. Da yawansu da Faransanci suke, kuma asusu a cikinsu "compte" ake ce masa. Ku buɗe asusu biyu. Na farko ku sa masa suna GIDA, na biyu ku sa masa sunanku. Wanda ba shi da babbar waya, ya raba littafinsa gida biyu. Dokar ɗaya ce.

Ga misali. A ce wata uwargida a unguwar Birni tana tuyar ƙosai. Maigida ya ba ta jika biyu na cefane. Ta rubuta 2000 a asusun GIDA, wurin shiga. Baƙi suka sauka daga Mirya, cefane bai isa ba, ta ɗauki jika ɗaya daga cinikin ƙosai. To, wannan jika sau biyu za a rubuta ta: ta fita daga asusunta, ta shiga asusun GIDA, a sa mata suna "rance". Ranar da maigida ya biya, a sake rubutawa. Da haka jarinta ba zai mutu ba, kuma babu gardama tsakaninsu. Haka shi ma maigida mai shago a Kasuwar Dole zai yi, in ya taɓa kuɗin shago don sayen tiyar gero.

Ku kula da abu ɗaya. Mu da dala muke ƙirga, waya kuwa da sefa take ƙirga. Dala ɗaya sefa 5 ce. In kun kashe dala ɗari, 500 za ku rubuta, ba 100 ba. Jika ɗaya dala 200 ce, wato 1000. Waya tana tarawa tana ɗebewa ba kuskure, amma abin da kuka ba ta kaɗai ta sani.

Raba kuɗi ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. A shekarar 1991 aka kafa Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, kuma ƙungiyoyi da yawa irinsu suna raba kuɗin ajiya da kuɗin taimakon juna.

Aikin wannan sati: kowa ya rubuta shiga da fita na kwana bakwai, kowane asusu daban, da dare kafin barci. Ku kawo wa malaminku na aji, ku duba tare.

Sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.