Jawabi Ga Makiyaya: Dajin Dushe Da Ciwon Kala-azar

'Yan'uwa makiyaya da fataken shanu na Mai Wurno da kewaye.

Daji iri uku muke bi da dabbobinmu. A Jazira ƙaya ce da gajeriyar ciyawa. Bakin kogin Nil Azrak bagaruwa ce. In muka gangara Dindir da Rahad kuwa, sai dushe da aduwa a kan baƙar laka mai tsagewa. To, nan ciwon kala-azar yake. Wani ɗan ƙwaro da bai kai sauro ba shi ke kawo shi. Yana ɓuya cikin tsagar ƙasa, ya fito cizo da dare, musamman daga Maris zuwa Yuni. Sai zazzaɓi ya wuce mako biyu, saifa ta kumbura, yaro ya rame. In ba magani, galibi sai mutuwa.

Allurarsa kwana 17 ce a asibiti. Wa zai tsare garke? Shi ya sa muke roƙon hukumar lafiya ta biyo mu har mashekari da gwajin jini da gidan sauro mai ƙananan ido, kamar yadda ake biyo shanu da rigakafi. Mu kuma, jama'a, mu daina yi wa yara shimfiɗa ƙarƙashin dushe da aduwa.

Allah ya tsare mu da dukiyarmu. Wassalamu.