BATIRI NE YA MUTU, KO PANO NE BAI ISA BA?

Jawabin da anka yi wa taron ƙungiya



Wutar rana ba baƙuwa ba ce a Nijar. Tun 1965 anka buɗe ONERSOL a Yamai, inda Farfesa Abdu Mumuni ya yi aikinshi. Amma a gidajenmu na karkara sai shekarun nan ta yaɗu, balle bayan da Najeriya ta yanke kuran a watan Agusta na 2023. Daga Matankari har Gesheme kuka guda muke ji: wuta na ɗaukewa tun kafin a yi barci. Sai mai gida ya saida akuya ya sayo sabon batiri a kasuwar Dogon Dutsi, bayan wata shida shi ma ya kwanta. Sau da yawa batirin farko ba shi da laifi.

Ku ɗauka batiri randa ce, pano kuwa mai ɗebo ruwa daga rijiya. In babu ruwa da dare, ko dai mai ɗebowa bai cika randar ba, ko kuma laka ta cinye cikinta. Randa mai laka da guga biyu ta cika, da moɗa biyu ta ƙare. Haka tsohon batiri yake.

To, yaya za a gane? Da mita irin ta masu gyaran waya, a rana mai haske. Ku auna batiri mai bolt 12 da hantsi, da azahar, da kuma bayan magariba. In tun da hantsi ya haura bolt 14, regilatar ta nuna ya cika, amma da an kunna tele ya faɗo ƙasa da 12 cikin awa guda, to batirin ne ya gaji. In kuwa har la'asar yana jan jiki tsakanin 12 da rabi da 13, bai taɓa kai 14 ba, ba a ƙosar da shi ba ne. Wannan laifin pano ne, ko waya, ko yawan kaya. Lafiyayyen batiri da anka cire wa komi ya huta awa biyu yana nuna wajen 12,7. In 12,2 ne, rabi ya rage.

Wanda ke shakka, shi kai batirin gari a cika shi da kuran, shi kawo shi gida. In ya riƙe wuta daren nan har asuba, kada ku ɓata kuɗinku, ku koma kan rufi.

Abin da ke kan rufi shi ne munka fi sakaci da shi. Ƙurar hunturu na lulluɓe gilashi, kashin tantabara na bushewa a kai, inuwar reshen dogon yaro guda na iya rage aikin pano gaba ɗaya. A goge shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashin ya yi zafi. A fuskantar da shi kudu, a ɗan karkace shi. In an cire wayarshi an auna da tsakar rana, ya kamata ya ba da bolt 20 zuwa 22. Siririyar waya mai tsawo, da kan batiri da ya yi tsatsa, su ma ɓarayi ne.

Sai lissafi, wanda ba mu son ji. Pano mai wat 100, in an cire asarar zafi da ta waya, abin da yake tarawa a yini bai wuce 400 ba. Tele mai wat 40 awa 4, 160 ke nan. Fanka mai wat 30 awa 8, 240. Ampul 4 masu wat 5 awa 5, 100. Jimla 500, ba a ma sa sharjin wayoyin maƙwabta ba. Gidan da ke cin 500 yana samun 400, kullum batirinshi da yunwa yake kwana, gishiri yana daskarewa bisa farantan darmar da ke ciki, har ya kashe shi. Sabo ma in an kawo, hanyar da zai bi ke nan. Magani shi ne a ƙara pano ko a rage kaya.

Abu biyu game da batirin kanshi. Zafin watan Afrilu da Mayu na gajarta ranshi ƙwarai, don haka kada a aje shi a ɗakin kwano rufaffe. A sa shi inda iska ke shiga, nesa da murhu. Mai buɗaɗɗen baki kuma, in ruwanshi ya ja, ruwan batiri kaɗai za a ƙara, ba na rijiya ba, ba asid ba. Batirin mota kuwa don tada inji anka yi shi, ba ya jure a zuƙe shi kullum.

Wanda ya mutu, kada yara su fasa shi, darma guba ce. A maida shi wa masu saye. Yanzu mai tambaya shi ɗaga hannu.