Labarin Kujerun Bungudu a Majalisar Dokoki

Abin da za a kawo a wannan zama shi ne labarin wanda ke magana da bakin mutanen Bungudu a gaban hukuma, da yadda ake samunsa, tun daga zuwan Turawa har zaɓen 2023.

Bungudu gari ne a bakin Gulbin Sakkwato, bisa hanyar da ta tashi daga Gusau ta nufi Talata Mafara. Sa'ad da Turawa suka ci Sakkwato, ran 15 ga watan Maris 1903, ba su rushe sarautun ƙasar ba, sai suka mai da su gundumomi ƙarƙashin En'e ta Sarkin Musulmi. Sarkin Fulanin Bungudu ya zama hakimi, haka kuma Sarkin Kwatarkwashi a tasa ƙasar. A zamanin nan talaka in yana da kuka sai ya kai wa mai unguwa, mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, sa'an nan malamin hakimi ya rubuta takarda zuwa Sakkwato. Hanya ce mai tsawo, kuma sau da yawa kuka yakan gaji kafin ya isa. Amma fa kowa ya san ƙofar da zai buga. Da hanyar jirgi ta iso Gusau, ta wuce Ƙauran Namoda a cikin 1929, cinikin gyaɗa da auduga ya haɓaka, aiki ya yi yawa, har a cikin 1938 aka zaunar da Sardauna Ahmadu Bello a Gusau don ya duba gundumomin gabas. Watau Sakkwato ta matso kusa da Bungudu ke nan.

Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa ta fara zama a Kaduna a cikin 1947, amma En'e-En'e ne ke fid da masu zuwa, talaka bai san ranar da aka yi ba. A cikin 1951 aka shigo da zaɓe hawa hawa: maza masu biyan haraji su taru a ƙauye su fid da mutum, waɗanda aka fitar su taru su sake fid da waɗansu, har a kai ga na lardi. Ma'aikatan En'e ne suka riƙe littattafan, su ne kuma galibi aka zaɓa, gama su ne suka yi makaranta. Wannan ne ya sa 'yan NEPU suka yi ta ƙorafi cewa mai rabon da mai karɓa duk gida ɗaya suka fito, kuma in za a faɗi gaskiya, ƙorafin ba a banza yake ba. Mata kuwa ba a ko ambace su ba. Zaɓen 1979 ne babban zaɓe na fari da matan Arewa suka jefa ƙuri'a.

Daga nan al'amura suka yi ta juyawa da sauri. Soja suka karɓi mulki a cikin 1966. A 1967 Bungudu ta faɗa Jihar Arewa maso Yamma, a 1968 aka karɓe kotunan alkalai daga hannun En'e, a 1976 aka yi Jihar Sakkwato, aka kuma kafa ƙananan hukumomi a madadin En'e. Wakilan wannan yanki suka zauna majalisar Sakkwato daga 1979 zuwa ƙarshen 1983, suka sake zama daga 1992 zuwa Nuwamba 1993, duk sau biyun soja ne suka tashe su. Sai ran 1 ga watan Oktoba 1996 Janar Sani Abacha ya yanke Jihar Zamfara, da ƙananan hukumomi 14, Gusau ta zama babban birni. Majalisarta da ta fara zama a 1999 tana da kujeru 24, biyu na Bungudu ne, ta Gabas da ta Yamma. A Majalisar Wakilai ta Abuja an gama Bungudu da Maru, a ta Dattawa kuwa da Gusau da Tsafe da Maru. Majalisar farkon nan ita ta zartar da dokokin shari'ar Musulunci zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, aka fara aiki da su a Janairu 2000.

To, abin da ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne na 2019, don ba a taɓa ganin irinsa a ƙasar nan ba. Jam'iyyar APC ce ke riƙe da jihar, amma ta rabu, Gwamna Abdul'aziz Yari da mutanensa a gefe, Sanata Kabiru Marafa, wanda Bungudu ke cikin mazaɓarsa, da waɗansu a gefe. Doka ta ce kowace jam'iyya ta yi zaɓen fid da gwani kafin wa'adi ya cika. Wa'adi ya cika a Oktoba 2018, hukumar zaɓe ta ce ba a yi ba, ba za ta karɓi sunan kowa ba. Babbar Kotu a Gusau ta ce an yi, aka sa sunayen. Ran 9 ga watan Maris 2019 mutanen Bungudu, maza da mata, suka bar ayyukansu, suka yi layi cikin rana, suka jefa ƙuri'a, aka ƙidaya, APC ta cinye kujerun jihar kaf.

Ashe magana ba ta ƙare ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Sakkwato ta soke hukuncin Gusau, sa'an nan ran 24 ga watan Mayu alkalai biyar na Kotun Ƙoli suka haɗu a kan cewa jam'iyyar da ba ta fid da ɗan takara bisa ƙa'ida ba, ba ta da ɗan takara, ƙuri'un da aka jefa mata kuwa asara ne. Ba a ce an yi maguɗi a rumfa ba, ba a ce malamin zaɓe ya ɓata lissafi ba. Laifin manya ne tun kafin a kai ga akwati, amma ƙuri'ar talaka ce ta tafi. Hukuncin daidai yake da doka, wanda duk ya taɓa riƙe littafin kotu ya san ba a ɗora gini bisa takardar da ba ta inganta ba. Sai dai da wuya a fahimtar da manomin Nahuce ko na Kwatarkwashi yadda wanda ya zo na biyu ya zama wakilinsa.

Haka Bello Matawalle na PDP ya zama gwamna, kujerun Bungudu biyu su ma suka koma PDP. Bayan shekara biyu, ran 29 ga watan Yuni 2021, gwamnan ya koma APC a Gusau, 'yan majalisa suka bi shi, kujerun suka komo jam'iyyar da kotu ta karɓe su daga gare ta, ba tare da an jefa ƙuri'a ko ɗaya ba. Mataimakinsa, Mahdi Aliyu Gusau, ya ƙi bi, majalisar ta tsige shi a Fabrairu 2022. Sai a watan Maris 2023 aka sake tambayar mutanen Bungudu da sauran Zamfarawa abin da suke so, Dauda Lawal na PDP ya ka da gwamna mai ci.