Umaru ɗan Abdul'azizu: Gajeren Kwana, Dogon Aiki

 

 Yau za mu yi magana a kan saurayin da ya haɗa sanin shari'a da riƙon mulki, wato Umaru ɗan Abdul'azizu, wanda mahaifiyarsa jikar Sayyidina Umaru ɗan Haɗɗabi ce.

A Madina ya yi karatu, gaban manyan malaman fiƙihu. A shekara ta 87 bayan hijira aka naɗa shi gwamnan birnin, yana da kimanin shekara 25. Da isarsa sai ya tara malamai 10, cikinsu har da Urwatu ɗan Zubairu da Salimu ɗan Abdullahi, ya mai da su abokan shawararsa. Mutanen da suka gudo daga tsananin Hajjaju a Iraƙi suka sami mafaka wurinsa. Hajjaju ya kai ƙara, aka sauke shi a shekara ta 93. Kujera ta tafi, mutunci ya zauna.

A shekara ta 99 ya zama halifa. Da ya tashi mayar da dukiyar da aka ƙwace wa mutane, da kansa ya fara. Matarsa Faɗimatu, ɗiyar halifa Abdulmaliku, ta miƙa kayan adonta ga baitulmali. Sannan ya juya ga danginsa Banu Umayya, ko da yake ransu bai so ba. Ya kuma hana a karɓi jiziya daga wanda ya musulunta. Ya rasu a watan Rajab na shekara ta 101, a Dairu Sim'an ta ƙasar Sham, wajen shekara 40 da haihuwa. Halifancinsa duka shekara 2 ne da wata 5.

To jama'a, mu ma muna da samari da suka karanto shari'a a Yamai, wasu sun zama lauyoyi, wasu suna neman kujerar magajin gari ko ta majalisa. Sau da yawa mukan ji ɗayansu yana cewa, bari in zauna da gindina tukuna, gyara sai gaba. Wa ya ba shi tabbacin gaba? Gonar marayan da aka ci mata iyaka, yau take neman mai tsaya mata, kafin shuka. Hatsin taimakon da aka aiko wa talakawa, yau ake rabonsa. Da Umaru ya jira tsufa, da ba abin da za mu faɗa a kansa.

Mu kuma iyaye da dangi, mu ji tsoron Allah. Mu ne muke matsa wa ɗanmu ya ba mu abin da ba nasa ba, ranar hisabi kuwa shi kaɗai zai tsaya.

Allah ya shiryi samarinmu, ya sa albarka cikin kwanakinmu, ya sa mu cika da imani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.