Ɗan Baƙo a Sheƙar Hankaka

Jama'a, kowa ya san kirarin nan, hankaka mai da ɗan wani naka. Waɗansu suna cewa wai satar 'ya'yan tsuntsaye yake yi. To, yau za mu duba gaskiyar maganar, gama hankaka ba ɓarawon 'ya'ya ba ne, shi ake yi wa wayo.

Akwai wani tsuntsu da Turawa ke kira kuku, ba kukun dafa abinci ba. Ɗan'uwan ragon maza ne. Amma ragon maza, duk da sunan da muka laƙa masa, shi ke yin sheƙarsa, ya yi renon 'ya'yansa. Kuku kuwa ba ya yin sheƙa sam. Irinsa da yawa ne, wanda muke magana a kai shi ne mai ɗigo-ɗigon fari a baya.

Daga bazara zuwa farkon damina hankaki ke ƙwai a kan giginya ko rimi. Sai macen kuku ta faki idonsu, ta saka nata ƙwai cikin nasu, ta yi tafiyarta. Ƙwanta yakan ƙyanƙyashe cikin wajen kwana 14, na hankaka kuwa sai kwana 18 ko 19. Watau baƙon ya riga 'yan gida buɗe baki, shi ke fara samun abinci.

To, yaya za mu gane shi in ya fara tashi? Mu lura da abu huɗu. Na fari, kansa baƙi ne kamar ya sa hula, alhali kan uwarsa toka-toka ne mai tukku. Na biyu, in ya buɗe fiffike za mu ga dogayen gashin bakin fiffiken ja-ja ne, kamar jan ƙasa. Babba ba shi da wannan. Na uku, maƙogwaronsa rawaya-rawaya ne, cikinsa fari-fari, wutsiyarsa doguwa. Na huɗu, yatsunsa biyu suna gaba, biyu suna baya. In kuma muka ga hankaka yana ɗura wa wannan tsuntsu abinci, shakka ta ƙare.

Abin da ya sa muka kawo zancen nan shi ne, yara sukan gan shi a reshe, su zaci ɗan shaho ne mai ɗaukan 'yan tsaki, su harbe shi. Mu dubi bakinsa da ƙafarsa. Ba shi da ƙugiyar baki ko akaifa irin na shaho, ba ruwansa da kaji. Abincinsa gizaka da fara da sauran ƙwari. Gizakar nan mai gashi, wadda yawancin tsuntsaye ke ƙi, ita ya fi so.

Saboda haka mu gaya wa 'ya'yanmu su bar shi. Kowane ɗaya da aka kashe, manomi ya rasa ɗan ƙodagon da ba ya neman lada.