Katin Sayayya na Hukumomin Amurka: Ɓarakar Tana Wurin Mai Sa Hannu



GSA SmartPay shi ne tsarin katin sayayya na hukumomin Amurka. Kai tsaye zan tafi kan adadin da ma'aikaci zai iya kashewa da kati ba sai ya nemi farashi daga 'yan kasuwa daban-daban ba. Wata doka ta 1994 ta tsayar da shi a dala 2,500. Ya koma 3,000, ya koma 3,500, daga baya aka ɗaga shi zuwa 10,000. Ban ƙi ba. Ba a buɗe fayil don sayen tawadar firinta.

Amma a duba rahoton da GAO, ofishin binciken kuɗi na majalisar dokoki, ya fitar a Maris 2008. Kashi 41 cikin 100 na sayayyar da aka tantance, ko dai babu sahihin izini, ko babu shaidar cewa wani dabam ya ga kayan sun iso. A sayayyar da ta haura dala 2,500 kuwa, kashi 48 ne. Masu bincike sun nemi a nuna musu kaya 1,058, irin su kwamfutocin tafi-da-gidanka da kyamarori. 458 ko sama ko ƙasa. Wata ma'aikaciyar hukumar gandun daji ta yi ta rubuta wa saurayinta cak daga asusun katin, daga 2000 zuwa 2006, har sama da dala 642,000. Shekara shida! Kuma ba shugabanta ya gano ba, wani ne ya tsegunta wa sufeto janar na ma'aikatar gona.

Wace ƙa'ida ce ta ɓace a nan? Babu. Tun da ma a rubuce yake cewa mai riƙe da kati ba ya amince wa kansa, ba a gutsuttsura sayayya ɗaya don kauce wa iyaka, kuma jami'in amincewa zai bi bayanan banki na wata layi-layi da rasit a hannu. Sa hannu kawai ake yi a tura.

Wata doka ta 2012 ta ɗan taɓuka: ta wajabta wa hukumar da ke kashe sama da dala miliyan 10 a shekara da kati ta riƙa kai rahoton saɓa ƙa'ida duk wata shida. A 2017 GAO ta ce alamun zamba sun yi ƙaranci a ƙananan sayayya, sai dai kashi 22 cikin 100 takardunsu ba su cika ba.

To mene ne hikimar abin da aka yi a Fabrairun 2025, da fadar shugaban ƙasa ta daskarar da katunan kwana 30, aka kuma mayar da iyakar da yawansu dala ɗaya? An ɗaure hannun mai sayen kayan ɗakin gwaji, shi kuwa mai sa hannu da ido rufe ko gezau.

Ma'aikatun Birtaniya na wallafa sayayyar kati da ta haura fam 500, kowa ya gani. A yi haka a Amurka ma, kuma jami'in da ya amince da sayayya babu rasit ya biya daga albashinsa.