Dukiyar ƙarƙashin ƙasa da haƙƙin makiyayi: jawabin da aka gabatar a taron makiyaya da fataken bisashe

  Allah ya saka wa wanda ya baro garkensa a hannun yara ya zo ya saurare mu.

Maganar da ta tara mu yau ita ce ta manyan kamfanonin haƙar ma'adinai da ke shigowa ƙasar kiwo. Tun farko bari mu faɗa a ji: mu ba maƙiyan haƙar ma'adinai ba ne. Kakanninmu sun sayi gishirin Bilma da na Tigidda, kuma maƙeran ƙasar Hausa sun narka tama sun ƙera mana gatari da kwashe tun kafin zuwan Nasara. Amma wancan haƙa aikin hannu ne, raminsa bai hana saniya wucewa. Na yanzu aikin injuna ne, yana cin daji guda, yana shan ruwan da zai ishi gari.

Mu tuna abin da ya riga ya faru a ƙasarmu Nijar. A 1971 kamfanin Somair ya fara fitar da ƙarfen yuraniyom a Arlit. A 1978 Kominak ya bi baya a Akokan, da rami mai zurfin wajen mita 250. Don injunansu su samu wuta aka buɗe ma'adinin gawayin ƙasa na Anu Araren kusa da Cirozerin, inda Sonishar ke ƙona gawayin yana ba ma'adinan da garuruwan Agadas da Arlit lantarki. Don kamyo-kamyo su wuce aka shimfiɗa gudron daga Tawa zuwa Arlit. Daga baya Sinawa suka buɗe Azelik a ƙasar Ingal. Imuraren kuwa an ba da izininsa a 2009, aikin ya tsaya da kuɗin yuraniyom ya faɗi bayan haɗarin Fukushima na ƙasar Japan a 2011, sannan a 2024 gwamnati ta karɓe izinin daga hannun Faransawa. A 2025 ta mayar da Somair mallakar ƙasa. Akwai kuma gawayin Salkadamna a jihar Tawa, da tama mai yawa a ƙasar Sayi, waɗanda aka daɗe da sanin suna nan.

To ku duba wuraren da muka lissafa. Galibinsu suna arewa da iyakar noma da dokar 1961 ta shata, wato cikin ƙasar da aka bar wa kiwo. Mai kallon taswira daga Yamai ko daga Turai yana ganin fili ne babu kowa, don bai ga gona ba, bai ga gini ba. Mu kuwa mun san kowane kwari da sunansa, kowace rijiya da dangin da suka gina ta. Filin Irazer da muke kai bisashe lasar gishiri kowace damana, har mu haɗu a Ingal cikin watan Satumba, yana bisa ƙasar da masu neman yuraniyom suke so.

Ta ina abin ke taɓa mu? Ta hanya huɗu.

Ta farko, fili. Kamfani yakan fara da izinin bincike. A lokacin ba ka ganin komi sai motoci da injin huda ƙasa da turaku masu fenti. Mun taɓa iske irin waɗannan turaku a tsakiyar wata makiyaya tamu, muka tambayi masu aikin, suka ce takardarsu daga sama ta fito. Babu wanda ya nemi hardo, babu wanda ya nemi masu rijiya. In an samu abin da ake nema sai izinin haƙa ya biyo, a ja waya, a sa masu gadi. Burtalin da garke ke bi ya yanke, tafiyar yini guda ta koma ta kwana biyu. A damana wannan wahala ce kawai. A bazara kuwa mutuwar maruƙa ce da tsofaffin shanu.

Ta biyu, ruwa, kuma ita ce babba. Kafin a haƙa rami mai zurfi sai an zuƙe ruwan da ke cikinsa, sannan wanke ƙarfen kansa yana cin ruwa dare da rana. Ruwan ƙarƙashin ƙasar arewacin Agadas tsohon ruwa ne, ya taru tun zamanin da hamada take da dausayi. Ɗan ruwan saman da ke sauka yanzu bai maye gurbinsa. Kamar rumbu ne da ake ɗiba ba a zubawa. Foraji mai inji yana bin ruwa ƙasa duk inda ya gudu, amma rijiyar makiyayi iyakarta tsawon igiya da ƙarfin raƙumin ja.

Ta uku, abin da ake bari. Ana jiƙa dutsen yuraniyom da ruwan asid don a fitar da ƙarfen, sauran tarkacen a tara shi waje. Da Kominak ya rufe a ƙarshen Maris na 2021, ya bar tulin tarkace na wajen tan miliyan 20 kusa da Akokan. Gubar irin wannan abu ba ta da wari, ba ta da launi, ba a gane ta sai da na'ura. A 2003 masu bincike daga Faransa, tare da wata ƙungiyar mutanen Arlit, sun iske ƙarafa masu wannan guba ana sayarwa a kasuwar garin. Don haka muna gargaɗi: kada wanda ya sayi tsohuwar ganga ko bututu ko kwano da ya fito daga ma'adini ya mayar da shi kwamin shayarwa, komi arahansa. Kada a bar bisashe su sha ruwan da ya kwanta kusa da waya ko gindin tulin ƙasa.

Ta huɗu, kasuwa, kuma nan muna magana da fatake. Gaskiya ne garuruwan ma'adinai sun sayi nama da nono, gudron kuma ya sauƙaƙa lodin bisashe zuwa kudu. Ba mu musun alherin. Amma ma'adini yana da ranar ƙarewa. Da Kominak ya rufe, ɗaruruwan ma'aikata sun rasa albashi, mahauci ya ji a jikinsa, dillali ma ya ji. Kuma in makiyaya ta lalace, san da za a kawo Abalak ko Tawa ramamme ne, kuma shi za ku kai Najeriya ku sayar da hasara. Ribar falke daga ciyawar daji take farawa.

To, mene ne makaminmu? Doka ta ce abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne. Amma ba ta bar mu hannu sake ba. Kundin dokokin karkara na 1993 ya amince makiyayi yana da mazauninsa na asali, inda yake da fifiko kan rijiya da ciyawa. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta ƙara da cewa yawon kiwo haƙƙi ne, kuma ba a raba makiyayi da wannan fifiko sai don amfanin jama'a, bayan an biya shi diyya ta adalci tun kafin a fara aiki. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin da gwamnati ke samu don kananan hukumomin jihar da ake haƙar. Amma doka a takarda kamar takobi ce a kube, sai an zare ta take aiki. Manomi yana nuna gonarsa a auna a biya shi. Makiyayin da bai rubuta komi ba, me zai nuna?

Saboda haka ga abin da muke roƙo kowa ya koma da shi gida.

Kowace rugga ta je wurin hukumar filaye, wato Kofo, a rubuta mazauninta, rijiyoyinta, tabkuna da burtaloli, a ba ta takarda ta adana.

Kowane mai rijiya ya auna gaba nawa guga ke yi kafin ya taɓa ruwa, a kaka da kuma bazara, ya sa ɗan lakwal ya rubuta da kwanan wata. Ranar ƙara, wannan littafi ya fi rantsuwa.

In bisa ta mutu kusa da wurin haƙa, a kira likitan dabbobi ya gani ya rubuta kafin a fiɗe ta ko a jefar.

In an kira taron jin ra'ayin jama'a kafin buɗe ma'adini, mu je da yawa, har da mata, don su ne suka san halin ruwa da nono. Mu nemi a yi shi lokacin da muke nan, ba bayan mun yi kudu ba. Mu nemi tafinta. Kada hardo ko wani dattijo ya dangwala yatsa kan takardar da ba a karanta masa da harshensa ba.

In an zo maganar diyya, kada mu tsaya kan buhun dussa da ƴan jikkuna da za su ƙare cikin wata guda. Mu nemi a bar burtali a buɗe, a gina mashaya nesa da wurin aiki, a riƙa auna ruwa ana gaya mana sakamako, a kuma rubuta wanda zai rufe rami da tarkace ranar da aiki ya ƙare.

Mu tambayi hukumomin garuruwanmu inda rabon ma'adinai yake shiga, da nawa ne ya koma ga rijiyoyin kiwo da rigakafin bisashe.

Ƴan uwa, a wannan magana babu Bafillace, babu Buzu, babu Balarabe, babu Bahaushe. Rijiya in ta ƙafe ba ta tambayar yaren mai guga. Ma'adinin ya komo hannun ƙasa ko yana hannun baƙo, ƙishirwar saniya ɗaya ce, don haka kowa ya riƙe shi za mu gaya masa magana guda. Ramin Akokan ya yi shekara 43 ya rufe. Kiwo kuwa mun gaje shi, kuma muna so mu bar wa jikoki.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kiyaye garke, ya mai da kowa gida lafiya.